Doña Etelvina Mai Saita Kyamara

Shekara goma sha tara Doña Etelvina Minchala ta yi tana riƙe da shagon buga waya a bakin kasuwar garin Azogues. Ɗakuna huɗu ne na falanki, kowanne da kujera ɗaya da kan waya ɗaya, falankin kuma bai kai kaurin yatsa ba. Duk wanda ya shiga ya ja ƙofa sai ya ɗauka ya ɓuya, ya ɗaga murya yadda za a iya jin sa a New York ko da babu wayar. A nan ta ji an rabu, an shirya, an zaɓa wa jarirai suna, an ce lafiya lau ana tari. Ba ta taɓa maimaita ko kalma ɗaya ba. Mutane suka ce kirki ne. Ita ta ce lokaci ne ba ta da shi.

Mijinta Segundo yana cikin waɗanda suka tafi New York tun 'yarsu Nube tana goye. Da farko duk Lahadi yake kira, a ɗaki na uku, daga baya ya koma wata-wata, sannan daga Kirsimeti sai Kirsimeti. Shekarar da bai kira ba, Etelvina ta share ɗaki na uku kamar kullum, ta ce wa wani mai sayar da dankali ya shiga. Ba ta ɗauko zancen ba, ba wanda kuma ya ɗauko mata.

Nube ta girma a bayan kantar shagon, ta yi karatu, ta tafi Sifaniya. A garin Murcia ta sami aiki a wani kamfanin fitar da lemun tsami, ita ce wadda ake kira idan kwamfuta ta ƙi. Ana cikin haka wayar hannu ta cika gari, shago ya mutu a tsaye. Etelvina ta kwashe falankin ta kai gida ta yi wa kaji akurki da shi.

Zuwan da Nube ta yi hutu, ta bar mata kwamfuta. Ta maƙala 'yar kyamara a samanta, ta saka wata manhaja, ta zaunar da uwar a gaba.

"Kin ga lambobin nan tara, Mami? Su ne adireshin kwamfutarki, ba sa canzawa. Na ƙasan nan kuma lambar sirri ce, duk buɗewa sabuwa take fitowa. In kika karanta min su, zan ga allonki daga can, in juya shi kamar ina zaune a kujerar nan."

Etelvina ta ce ta ji. Ba ta ce ta yarda ba.

Lahadin farko bayan Nube ta koma, Etelvina ta karanta mata lambobin, sai ga kibiyar nan ta kan allo ta motsa da kanta. Ta haura sama, ta buɗe wani abu, ta rufe, ta sauko. Etelvina ta ajiye kofin shayinta ta harɗe hannuwa.

"Ke ce?"

"Ni ce, Mami."

"Haka ake shiga gidan mutane a Sifaniya? Ko ƙwanƙwasa ƙofa babu?"

"Ai ke kika miƙo min makulli."

"To in na gaji da ke fa?"

"Ki danna jan nan na sama. In kin rasa shi, ki zare wayar intanet ta baya."

Etelvina ta miƙa hannu ta zare. Nube ta ɓace, kibiya ta tsaya cik. Sai da aka yi minti goma kafin su sake haɗuwa.

"Mami, me ya faru?"

"Gwadawa na yi. Yana aiki."

A lokacin babu layin da za ka bi a unguwar ba ka sami kwamfutar da aka aiko daga waje ba. Wasu suna cikin kwalinsu, wasu an lulluɓe su da ƙyalle mai ado an ɗora tulun fure a kai. 'Ya'yan su kira su ce, "Danna nan." Iyayen su ce, "Ina ne nan?" Daga nan sai faɗa, sai a kashe waya. Etelvina ta san irin faɗan nan tun zamanin falanki. Wata rana ta je gaida wata makwabciya ta tarar ana yin sa, ta karɓi wayar ta ce wa ɗan matar ya yi shiru, ta saka manhajar kamar yadda ta ga Nube ta yi, ta karanta masa lambobi. Yaron ya shigo ya gyara abin cikin minti biyu. Uwar ta ba Etelvina ƙwai shida.

Haka sana'ar ta fara, ba tare da an kira ta sana'a ba. Ta sami wata jakar saƙa ta zuba kayan aiki: salatif, almakashi, gutsattsarin kwali, abin maƙale shanya guda biyar don kyamarar da ta ƙi zama, da madubin fuska. Madubin don ranar da kwamfuta ta ƙi buɗe manhaja ne, sai ta riƙe shi a bayan na'urar, kyamara ta hasko wa ɗan da ke can wayoyin, ya ce wacce za a taɓa. A kowane gida takan rubuta lambobi taran da manyan baƙi a kwali ta liƙa a bango. Sannan ta ja kunnen mai gida: kada ya karanta wa kowa lambar sirri sai wanda ya haifa, ko da mai kiran ya ce daga banki yake, ko daga wajen fada na coci. In kuma ya ga kibiya tana yawo bai gayyaci kowa ba, ya zare waya.

Amma abin da ya sa ake kiran ta ba manhajar ba ce. Manhaja kowa zai iya sakawa. Ita ta san inda ake juya kyamara.

Don Arcesio Paida shi ya fara nuna mata haka. Tsohon manomi ne, ɗansa Wilson yana aikin gini a New York, ya sa an gina masa bene hawa uku mai tayil har bango, a gaban tsohon gidansu na ƙasa. Don Arcesio ya kwana biyu a benen, ya ce sanyi yana shiga masa ƙashi, ya koma gidan ƙasa. Falon benen ya zama rumbu. Buhunan masara a hagu, kejin ɓerayen Masar da yake kiwo don nama a dama, a tsakiya kuma kushin ɗin da Wilson ya aiko, ko ledarsa ba a cire ba.

"Injiniya," in ji shi, don haka yake kiran ta, "ina so yaron nan ya ga kujerarsa. Kujerar kawai."

Etelvina ta dubi hagu, ta dubi dama. Ta ja tebur gaba taku biyu, ta ɗora kyamara a kan littafin addu'a, ta ɗaure ta da salatif. A allo sai ga Don Arcesio a kan kushin, bayansa tayil yana sheƙi, kamar wanda aka haifa a falo.

"Kada ka matsa," ta ce. "In ka yi hagu da tafin hannu ɗaya, masara za ta fito."

Duk Lahadi sai ya wanke ƙafa, ya sa silifas, ya haye kushin. Wilson ya shigo kwamfutar ya share tarkacen da uban ya tara cikin mako, don Don Arcesio ba ya ganin abu ya ce masa ya ci kyauta ya ƙyale shi bai danna ba. Wata rana suna cikin magana ɓerayen suka ɗauki kuka gaba ɗaya.

"Papi, mene ne wannan?"

"Kujerar ce. Ledar ce take ƙara."

"To ka cire ledar mana."

"Sai ka zo."

Etelvina tana tsaye a gefen da kyamara ba ta kai ba, fuskarta ko motsi.

Ta kai gida talatin da ɗaya kafin idonta ya fara dishi-dishi. Da farko kamar hayaƙin murhu ne a gefen gani, ta ɗauka gilashin tagar ne, ta wanke taga. Sannan wata Lahadi ta karanta wa Wilson takwas a inda shida take, sau uku ana gwadawa abu ya ƙi. Ta ce intanet ce ba ta da kyau ranar. Don Arcesio ya yarda, don a ganinsa intanet ba ta taɓa yin kyau ba.

Ta sayi tabarau a kasuwa, ba su yi komai ba. Ta sayi gilashin ƙara girman rubutu, ta ɗaura masa zare ta rataya a wuya, tana tura shi cikin riga. A gidajen mutane sai ta ce wa mai gida ya karanta lambar da kansa, wai don ya koya. A tata kwamfutar kuwa ta gano inda ake ƙara girman rubutu, ta ƙara kaɗan. Bayan wata guda ta sake ƙarawa. Kibiyar ma ta ƙara mata girma, ta mayar da ita ruwan ɗorawa.

Nube ba ta san komai ba. Duk Lahadi da hantsi, lokacin can yamma ta yi, Etelvina za ta zauna a inda haske ya fi yi mata kyau, ta dubi 'yar fitilar kyamara daidai, ta ba da labarin kaji. Allonta ne kawai ta daina buɗewa.

"Mami, ba abin da ya lalace?"

"Babu."

"Wata takwas fa. A wajen aikina ba kwamfutar da take yin kwana takwas."

"Ku ne ba ku iya riƙo ba."

Ranar da abin ya tashi, sauti ne ya ɗauke. Kwamfutar ta yi wasu 'yan gyare-gyarenta da kanta ranar Asabar, da Lahadi ta zo sai ga bakin Nube yana motsi babu murya. Etelvina ta taɓa duk abin da ta sani, ta zare, ta mayar, ta hura lasifika. Wayar hannunta ta yi ƙara, Nube ce.

"Ba ni lambar in duba."

"Bar shi, gobe zan gyara."

"Mami, minti ɗaya ne."

"Ga shi muna magana a waya, me ya rage?"

"Ba ni lambar."

Taran tana da su a ka. Ta sirrin ce sai ta karanta. Ta sunkuya ƙasa da inda kyamara take gani, kamar wadda cokali ya faɗi mata, ta zaro gilashin daga riga, ta karanto. Sannan ta miƙe ta gyara zama.

Kibiyar ruwan ɗorawa, mai girman ganyen masara, ta ɗan motsa sau ɗaya ta tsaya. Ta daɗe a tsaye. Etelvina ta san abin da Nube take gani: allon da kalma huɗu suke cika shi, agogon da ya cinye kusurwa guda. Shekara da shekaru tana koya wa mutane abin da kyamara za ta nuna da abin da za ta bari. Allo ba shi da gefe, duk abin da ke kai mai shigowa zai gani.

Daga baya kibiya ta tafi, ta buɗe wani wuri, ta danna. Sauti ya dawo, ana jin motoci na wucewa a Murcia.

"Ya gyaru," in ji Etelvina. "To madalla, sai ki fita."

Nube ba ta fita ba. Ta buɗe farin shafi, ta rubuta wani abu.

"Karanta min wannan, Mami."

"Ba komai a wajen."

"Akwai."

Wani baƙin zare ya bayyana, kamar tururuwa sun yi layi.

"Yanzu fa?"

"Rubutunki tun kina firamare ba ya karantuwa."

"Ba hannuna ba ne, kwamfuta ce. Yanzu fa?"

Sau biyar tana ƙarawa. A na shida baƙaƙen suka kai tsawon yatsa, Etelvina ta karanta: tun yaushe?

Ta dubi kajin da ke tsakar gida, ko kuma inda ta san suna nan.

"Tun girbin masarar bara."

"Ido ɗaya ko biyu?"

"Na hagu ya fi. Na daman yana bin sa."

"Kina tsallaka titin kasuwa da shi haka?"

"Motocin suna da hon."

Nube ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba, ta ɗauko halin uwarta. Kibiya ta rufe farin shafin ta buɗe wani, na wani asibitin ido a garin Cuenca. Ta fara cike gurabe: suna, shekara, unguwa.

"Me kike yi?"

"Ina kama miki layin ganin likita."

"Kwamfutata ce fa."

"Linzamin yana hannuna."

Etelvina ta kai hannu bayan na'urar. Wayar intanet tana inda take kullum, ko da ido a rufe za ta same ta. Ta kama ta da yatsa biyu. Kibiya ta ci gaba da tafiya daga gurbi zuwa gurbi.

"Kin rubuta sittin da huɗu," ta ce. "Da uku ne. Sai watan gobe."

"Na gyara. Talata ko Alhamis?"

"Talata ina gidan Don Arcesio."

"Alhamis ke nan."

Ta saki wayar ta ɗauki shayinta, ya riga ya huce.

Likita ya ce yanar ido ce, ta nuna sarai, aikin minti ashirin ne, ido ɗaya za a fara. Ya tambaye ta me ya sa ta bari har haka, ta ce aiki ne ya yi mata yawa. Ranar aikin sun ce sai da ɗan rakiya. Don Arcesio ya sa malafarsa ta zuwa coci ya bi ta a bas, da ƙunshin dafaffiyar masara da cuku a cinya, ya cinye shi kaɗai tunda an hana ta cin komai.

"Injiniya, da kin faɗa min ai da na ba ki aron nawa. Ni ba abin da nake kallo da su."

"Ka riƙe abinka, Don Arcesio. Naka ne suke ganin ka ci mota duk mako."

Da aka cire bandeji kashegari, abin da ta fara gani bangon ɗakinta ne. A da ta ɗauka fari ne. Ta tsaya ta dube shi sosai, sannan ta nemi tsumma.

Bayan mako biyu ta ɗauki jakarta ta bi gidajenta ɗaya bayan ɗaya don ta ga aikin da ta yi a cikin hayaƙi. A wani gida ta liƙa kwalin lambobi a kife, matar gidan kuma ta saba karanta shi da karkataccen wuya ba ta ce komai ba. A wani kyamara tana kallon rufi, goshin mai gida kawai ake gani. Ta gyara ba ta yi bayani ba.

Gidan Don Arcesio ta bari sai Lahadi. Wata biyar da suka wuce salatif ya saki, ita ta sake ɗaurewa da hannunta. Ya haye kushin, allo ya buɗe, Etelvina ta duba. Ga Don Arcesio a kusurwa, rabin fuska. Sauran allon buhunan masara ne har guda bakwai, da igiyar albasa, da wata kaza a kan buhu na sama.

Don Arcesio bai taɓa kallon ɗan hoton kansa na ƙasa ba, ɗansa yake kallo. Yau da ya ga inda idonta ya tsaya, shi ma ya duba.

Wilson ya fito a allo da hular aiki.

"Papi, ina kwana. Doña Etelvina, ya ido?"

"Da sauƙi. Wilson, tun yaushe kake ganin buhunan nan?"

"Tun bakwai ɗin suna goma sha biyu."

Don Arcesio ya cire malafa ya ɗora a gwiwa.

"Ba ka ce komai ba."

"Me zan ce, Papi? Masarar ta yi kyau. Ni dai tayil ɗin nan, a sa katako a ƙarƙashin buhunan."

"Wucin gadi ne na ajiye su."

"Na sani. Ɓerayen fa, suna nan?"

Tsohon ya ce, "Sun haihu."

"Nuna min."

Etelvina ta sa almakashi ta yanke salatif ɗin, ta ɗago kyamara ta juya ta dama. Uba da ɗa suka shafe rabin awa a kan wanda za a yanka idan Wilson ya sami takardunsa ya zo. Da za ta tafi ta tambayi Don Arcesio inda yake so ta ɗaure ta.

"Mayar da ita kan kujerar," ya ce. "Mutum ya san abu daban, ya yi ta kallon sa daban."

Ta mayar.

An yi mata ido na biyu bayan wata biyu. Lahadin da ta biyo baya ta zauna gaban kwamfuta tun kafin Nube ta kira, kyamara a kunne, ba kowa a allon sai ita. Ta matso. Ta juya kai hagu, ta juya dama. Da Nube ta fito ba ta bari ta gaishe ta ba.

"Ke, tun yaushe kaina ya yi fari haka?"

"Ya kai shekara biyu, Mami."

"Kina gani duk mako ba ki faɗa ba?"

"Na ɗauka kin sani."

"Wuyan nan fa?"

"Shi ya riga gashin."

Etelvina ta ja baya kaɗan ta sake dubawa.

"Kyamarar nan ta cika tsegumi. Ba inda ake rage mata kaifi?"

"Akwai. Ba ni lamba in rage miki."

"Nuna min wajen dai, ni zan yi da kaina. Akwai mata uku a layin coci da za su so shi."

Nube ta faɗa mata, ta rubuta a bayan kwali da ƙananan baƙi, ta jefa a jaka. Tata kyamarar ba ta taɓa ba. Ta ce ta gaji yau, kuma kaji ba su ci ba.